Mai Danna Dariya

Aikina maɓalli ne guda, ja kamar idon zakara.
Sha ɗaya da rabi na dare a Omdurman,
in Dafa'allah ya saki magana ya ɗaga gira
ni nake dannawa,
sai mutum ɗari da ba sa wurin su tuntsire.
An naɗi muryarsu tun kafin a yi mini kaciya.
Akwai wata a cikinsu mai ƙarewa da tari.
Ƙila ta daɗe a ƙasa,
amma duk dare sai ta tashi ta yi wa minista dariya.

Dafa'allah kan naɗa rawani kamar tayar lori,
ya cusa auduga a ciki,
ya yanke ƙyalle, ya ƙaddamar da famfon da ba ruwa,
ya tari iska a kofi, ya shanye, ya yi gyatsa.
A lungu Ustaz Karrar na zaune da zoɓonsa da jan biro.
Shi ke fara dariya, har da hawaye,
sannan ya share ido ya ja layi:
wannan ta wuce, wannan a'a,
a taɓa direban minista, kar a taɓa motar.

Na yi wa Goggo Ta-Sallah alfahari a Mayirno,
na ce mu ne bakin talaka.
Ba ta ɗago daga kaskon gyaɗarta ba.
Ta ce, mai girki in tukunya ta taso
yakan ɗan jirkita murfi, ba don tausayin wake ba.
Kai ɗan nan, kun ƙoshi da dariya kun kwanta,
gari ya waye, kuɗin gawayi na nan inda yake.
Na rasa ta cewa, na ɗebi gyaɗa.

Sai wata Laraba biro ya cinye takarda kaf.
Dafa'allah ya fito ba rawani, ba tumbi,
sanƙonsa na sheƙi ƙarƙashin fitila,
ya ɗauki takardar labarun ƙarfe tara
ya karanta yadda aka rubuta, bai ƙara wasali ba:
Burodi ya wadata.
Layin mai ya ƙare.
Babu kowa a tsare.

Darakta na ihu a kunnena, danna, danna mana!
Yatsana ya yi nauyin taɓarya.
Ban ce jarumta ba ce. Na kasa ne kawai.

Shiru, har ana jin fanka.
Can sai ta shigo ta tagar bayi, daga tsakar gidaje,
daga kan gadajen igiya da aka fitar don zafi,
daga wajen mai agashe a bakin Nilu:
dariya mara tsari, wani ya riga wani,
ba ta san daƙiƙa bakwai da nake ba tawa ba.
Ta yi tsawo har ta fara kama da wani abu daban.
Karrar ya duba takardarsa, ya juya bayanta.
Me zai soke? Maganarsu ce.

Yanzu sha ɗaya da rabi shirin noman albasa ake yi.
Dafa'allah, an ce yana hutawa. Ba a ce ina ba.
Ni kuma ina gyaran rediyo a Suk Libya,
yatsana kan motsa shi kaɗai in an yi ƙarya kusa da ni.

Jiya da asuba a layin gidan burodi
wani ya ce a hankali, ai ya wadata,
layin ya girgiza tun daga ƙofa har kwana.
Da aka lafa, wata mai goyo ta ce, to, mun yi dariyar,
wa za mu je mu tambaya?
Ba wanda ya amsa.
Ba kuma wanda ya sunkuyar da kai.

Zan kai wa Goggo labarin ranar Juma'a.
Na san za ta ce, waken ya nuna?