Takarda ta Goma Sha Tara

Mu biyar ne a ɗakin sama na ofishin ƙungiya,
ruwan Tacoma yana dukan tagar da ba ta rufuwa.
Gahawa ta huce a kofin takarda.
Takardu arba'in da ɗaya a kan tebur,
abin da ke asusu kuwa na mutum shida ne.

Kuɗin nan na san warinsu.
Dala uku daga albashin kowa, duk wata:
daga mai ɗaure kwantena cikin sanyin asuba,
daga wanda sarƙa ta tafi da yatsarsa,
daga ni, mai gwiwar da likita ya ce
ta girme ni da shekara ashirin.

Ni ban wuce aji goma ba.
Tabaran Luz nake ara in karanta
abin da 'ya'yan 'yan dako suka rubuta.
Wannan gina gada zai koya, waccan haƙora,
wancan kuma taurari.
Sione ya ce, taurari? Wa zai biya shi albashi?
Muka yi dariya, muka ajiye shi a hannun dama.

Sai takarda ta goma sha tara.
Sunan ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi:
Dagny Halvorsen.

Ubanta na sani.
Shekarar yajin aiki, mako goma sha ɗaya,
muna ƙona katako a ganga a bakin ƙofa ta huɗu,
matata na dafa wake da safe, wake da dare,
shi ya sunkuyar da kai ya ratsa ta tsakiyarmu
da jakar abincinsa a hammata.
Na tofa masa yawu a takalmi.
Daga baya ya biya tara, aka mayar da shi,
aka yafe masa a rubuce.
Ni ban sa hannu ba.
Shekara goma sha huɗu, in aiki ya haɗa mu,
igiya kawai muke miƙa wa juna.

Yarinyar ba ta roƙi kowa ba.
Ta ce huhu take so ta karanta,
don tun tana 'yar shekara huɗu
tarin ƙanenta take ji ta bango,
da gurnanin na'urar da ke taya shi numfashi,
wadda in babu wuta sai ta yi shiru.
Ta ce akwai lokacin sanyin da aka kusa yanke musu,
har yau ba ta san yadda babanta ya yi ba.

Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur.
Huɗu, da goma sha huɗu.

Luz ta ce, Wendell, ka yi shiru.
Na ce tabaran nan naki ne ke sa ido ruwa.
Tsoho Marek ya daki tebur:
wanda ya ci amana a bakin ƙofa,
'yarsa ba ta cin gumin waɗanda suka tsaya!
Ban ce ya yi ƙarya ba.
Waken nan har yau yana maƙogwarona,
kuma na san masu marar lafiya a gida
da ba su ratsa ba.

Aka ɗaga hannu. Biyu da biyu.
Nawa yana kan gwiwa, ya fi ƙugiyar ƙarfe nauyi.
A waje wani jirgi ya yi kuka, yana neman hanyar fita.

Na ɗaga.

Washegari, a kan jirgin da ya zo daga Busan,
na same shi yana kwance sandar ɗauri.
Bai sani ba tukuna, wasiƙa sai Juma'a.
Na miƙa masa igiya kamar kullum,
sai na ji bakina ya ce, yaya yaron?

Ya daɗe yana kallona, ruwa na ɗiga daga hularsa.
Ya ce, yau shekara biyu da muka binne shi.
Riƙe can da kyau, za ta zame.