Layi Tara a Hanyar Konni

Ƙarfe huɗu na asuba nake fara aiki,
kafin motocin albasa su shigo Tawa,
kafin kwalta ta yi zafin da za ta shanye fenti.
Bokiti, igiya, buroshin da gashinsa ya zube,
ga Kadri riƙe da fitila yana ta hamma.

Layi tara aka ce in ja a ƙofar makaranta.

Wata mata ce ta zo daga Yamai da takardu,
ta ce ƙasashen duniya sun zauna sun yanke:
mutuwar hanya, za a rage ta da rabi.
Aka tafa, aka raba lemo mai sanyi.
Ni hannuna bai tafu ba, lissafi nake:
da Nomau ƙanena ya ƙara haƙuri kaɗan,
a wane rabin zai faɗo?

Bai jira ba.
Ɗan kabu-kabu ne, saura wata uku
ya gama biyan bashin babur.
Hular kwanonsa tana rataye a ƙusa,
wai tana hana shi jin kiran fasinja.
Direban da ya buge shi bai gudu ba,
ya zauna gefen hanya, kai cikin gwiwa,
ya ce kwana biyu bai runtsa ba,
birki kuwa tun Badagishiri yake lallashinsa.

Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare.
Na amsa, don haka ne.
Amma tun muna yara malam ya faɗa mana:
ɗaure raƙuminka tukuna, sannan ka dogara.

Layi na biyar, bayana ya ƙage.
Na shida, akuya ta bi ta kai,
ta bar mini sawunta har bakin masallaci.
Kadri ya yi dariya, ni ma na yi.

Na san fentin nan.
Wata huɗu, tayoyi sun lashe shi,
damina ta wanke abin da ya saura,
sai an sake rubuta takarda zuwa Yamai,
ta kwana a tebur, ta tashi a wani.
Fenti ba ganuwa ba ne.
Roƙo ne kawai aka shimfiɗa a ƙasa.

Hantsi ya yi, na cire igiya.
Ga Cima ta riƙo hannun Gado,
ɗan Nomau, shekara bakwai, jaka ta fi shi faɗi.
Ya ƙwace, ya ce shi fari kaɗai zai taka,
yana tsalle yana ƙirga.

Daga kudu wata tirela ta taho tana huci.
Na miƙe da buroshi a hannu,
ban san me zan yi da shi ba.

Sai na ji ƙarar birki, doguwa,
kamar an ja gadon ƙarfe a kan siminti.
Direban ya leƙo, goro a bakinsa,
ya ce, "Yaro, gama lissafinka."

Gado ya ce, "Tara."