Igiyar Afuron

A ajin yamma na Agege, fanka ta mutu,
Malama Bisola ta rubuta a allo
abin da Bature ke faɗa wa namijin
da ya yi gemu bai yaye ba:
wai yana ɗaure da igiyar afuron uwarsa.
Ta ce zagi ne cikin ruwan sanyi,
ana jefa wa wanda ba ya yanke shawara
sai ya ji daga gida.

Maikuɗi ya zungure ni da gwiwar hannu.
Ya san wayata na kuka ƙarfe tara na dare,
ya san nakan bar kwanon tuwo ya huce
in fita waje in ce, "Na'am, Inna."

Ni dariya ma ta kama ni.
Inna Tabawa ba ta taɓa ɗaura afuron ba.
Zani take ɗaurawa, da ƙulli a bakinsa,
daga ƙullin nan kuɗin motata suka fito
ran da na bar Illela.

Afuron ai nawa ne.
Na roba, da can fari.
Ni nake ɗaura shi da asuba a mayankar Oko-Oba,
in kai hannu baya in ƙulle ba tare da na gani ba,
jini har idon sawu,
Legas na jiran naman miyarta.

Ƙarshen wata in tsaya gun mai fos,
in karanta lambar ƙanena a hankali.
Daga nan gero, daga nan maganin gwiwa,
daga nan kwanon rufin da iska ta yaye bara.
Ita kuma ta aiko da addu'a da kuka da daddawa
a motar shanu.

Na ɗaga hannu.
"Malama, in igiya tana da baki biyu,
wane ne ɗaurarre?"
Ta ce ba za a tambayi wannan a jarrabawa ba.
Ta ce in yi jimla da shi kawai.

Na rubuta: guga ya yi nisa cikin rijiya,
amma yana jin kira.
Ta ja jan biro a ƙasa. Ba haka ake amfani da shi ba.

Sai wayarta ta yi ƙara cikin jaka.
Ta duba, ta ajiye alli,
ta fita baranda da sauri,
muna hango ta ta taga
tana rusuna wa muryar da ke Ibadan.