Kwalbar da Ta Zo Daga Okland

Babban yatsan ƙafar Pauliasi
ya fi zakarun Neiafu sammako.
Tun kafin asuba yake hura garwashinsa,
ko mayafi ya shafe shi, sai ihu.
Mutumin da ke jan koma shi kaɗai,
ga shi da rarrafe zuwa bayi.

Likita ta ce yurik asid ne,
wani gishiri mai tsini da ke kwana a gaɓa.
Ta hana shi ƙaguwa da naman gwangwani,
ta ba shi farar ƙwaya ta kullum.
Ya ce ƙwayar ba ta da zuciya,
wata guda, ƙafa tana nan jiya i yau.

Sai 'yarmu Lesieli ta aiko kwalba,
koriya, da hoton ganye a goshinta.
An rubuta: tsirrai zalla.
Kwana uku ya taka rairayi,
kwana bakwai ya tura kwalekwale,
ran Lahadi ya fi kowa murya a coci.
Ni ma na gode wa kwalbar, ba zan ɓoye ba,
har gurbi na yi mata kusa da hoton aurenmu.

A wata na uku fuskarsa ta cika,
maƙwabta suka ce hutu ne.
Ni da ke wanki na san ba hutu ba ne.
Yankan ƙugiya ya ƙi kamewa,
cikinsa na ci da wuta cikin dare,
abin da ke fita baƙi kamar kwalta.
Ya ce kar yarinyar ta ji.

A asibiti, Nas Akanesi
ta girgiza kwalbar kusa da kunnenta.
Ta ce, ganye ba ya sauri haka, Seini.
Aka aika da ita awo a jirgin Talata.
Ashe maganin kashe zafi ne mai ƙarfi
aka yi wa rigar ganye.
Gishirin kuwa yana nan, ko gezau,
bakinsa kawai aka toshe.
Ta ce kar ya daina farat ɗaya,
a hankali za a sauke shi,
kamar kifin da ya fi ƙarfin zare.

Ya koma wa farar ƙwayarsa mai nawa.

Lesieli ta kira daren jiya.
Aikin dare ta yi, tana jera tuffa a kwali,
kafin ta haɗa kuɗin kwalba shida.
Ta ce, Baba, tana yi maka amfani?
Ya dubi taga, inda kwalbar take,
na wanke ta, ya zuba ƙugiyoyi.
Ya ce, kullum da ita nake fita teku.