Matar Cikin Waya

Daga Kwangila na ɗauko buhunan suga,
za ni Limancin Kona kafin la'asar.
Matar cikin waya ta ce, "Yi dama." Na yi.
Ta ce, "Miƙe." Na miƙe,
har lungu ya matse madubaina,
katanga ta kankare min fenti.

"Ka iso," in ji ta.
Gabana kududdufi, agwagi uku na iyo.

Barau tela ya ɗago daga kekensa:
"Kai ne na huɗu yau.
Ita mai yi maka kwatancen,
ta taɓa shan ruwan Zariya?"

Na kashe ta.
Jikansa ya riƙa buga min but,
ina ja da baya taku-taku,
ga bakina nan, lafiyarsa lau,
tun safe bai tambayi kowa ba.