Hular da Ban Gani Ba

Ranar Laraba nake haye gada,
in bar Unguwar Sarki a bayana,
in sauka Barnawa da jakar takardu
da maganganun mutane da suka kwana a kunnena.
Kogin Kaduna a ƙasa, ya yi jawur da ruwan Agusta,
ba ya tambayar kowa abin da ya ɗauko.

Mama Kande Yohanna ce ke tambaya.
Shekara talatin tana sauraron ma'aurata,
yanzu mu take saurare, mu masu sauraro.
"Mai aski ba ya aske ƙeyarsa," in ji ta.
Ta turo min shayi, ta rage gudun fanka.

Ba na kama suna, amana ce.
Na ce: wata mata da mijinta,
shekara goma sha tara da aure,
wata goma sha huɗu rabonsu da shimfiɗa ɗaya.
Shi yana kwana a falo, rediyo a kunne,
ita a ɗaki, fitila a kunne, ko zai shigo.
Ta yi kuka har gefen mayafi ya jiƙe.
Shi kuwa dutse ne, Mama. Ko uffan.

"Wane irin mayafi?"
Ruwan toka, da zare mai ƙyalli a baki.
"Hannunta fa?"
Lalle ya fara dushewa, zobe ɗaya, tana ta juya shi.
"To shi, wace hula ya sa?"

Na buɗe baki.
Na duba takarda.
Shafi uku na rubuta, duk ita ce.
Shi layi ɗaya: bai ce komai ba.

A waje mai keke na rigima kan canji.
Mama Kande ba ta kawo min ɗauki ba.
Ta bar shirun ya zauna tsakaninmu
kamar baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma,
irin shirun da ban taɓa bari
ya cika minti ɗaya a ofishina ba.

"Rakiya, ba ki dube shi ba.
Wa kika gani a kujerarsa?"

Na san amsar tun ba ta rufe baki ba.
Akwai wani falo a Unguwar Sarki,
da talabijin mai surutu har asuba,
da ƙeyar da na haddace fiye da fuska.
Fushin gidana na ƙunso a jaka,
na juye wa bawan Allah
da ya biya kuɗin mota tun daga Kakuri
don a ji ta bakinsa.

Ban yi kuka ba. Na sha shayin, ya huce.

"Naki auren ba nan za mu buɗe shi ba,
zan ba ki lambar wata.
Amma ran Litinin ki karkata kujerarki.
Tambayi lafiyar jikinsa,
sannan ki kama bakinki, ki ƙirga numfashi goma."

Litinin ta zo.
Hular shuɗiya ce, ta koɗe a goshi,
an kama yagarta da farin zare,
ɗinkin mace, ƙanana, a jere.

A numfashi na takwas ya cire ta,
ya ɗora a gwiwa, ita ya yi wa magana:
"Likita ya ce suga ne.
Tun bara jikina ya daina amsa kira.
Gara ta ce na tsane ta
da ta ce na ƙare."

Zoben ya tsaya.
Ba su riƙe hannu ba,
ba a gyara wata goma sha huɗu a awa ɗaya.
Ta dai ɗauke jakarta
daga kujerar da ke tsakaninsu.

Da magariba na isa gida.
Talabijin na ta zuba, ƙeyar na nan inda na bar ta.
Lambar da Mama ta ba ni tana cikin jaka, ban kira ba tukuna.
Na ajiye makulli,
na zagaya ta gaba,
wajen da fuska take.