Giya Ta Shida

A Ladipo, bayan ruwan la'asar ya ɗauke,
Chibuzo ya dire min ita bisa benci,
baƙa wuluk, sai maiƙo, kamar kan sa a mahauta.
Ya ce, "Tokumbo ce, ba ta taɓa ganin ramin Legas ba."
Na ce ai abin tsoron ke nan.

Giya ce, ba irin wadda liman ya hana ba,
amma ita ma tana juya kan mutum.
Kwana tara ina lissafi a bayan takardar lodi:
kaza na gas, kaza na bakanike,
kaza na adashin da ban gama zubi ba.
Duk inda na bi da biro
sai ya ɓullo ta ƙofar bashi.

Mufutau na Agege ya kwanta ƙarƙashin motar,
ƙafafunsa kaɗai nake gani suna min wa'azi:
"Sai an yanke farfela, Malam Barau,
abin da aka yanke kuwa ba ya tsirowa.
Kada ka hau tudu da ita in kaya sun yi nauyi,
kada ka yi ribas ka manta tana ciki.
Mai ɗinta daban, fushinta daban,
ran da ta lalace, ba kowa ya san cikinta ba."

Na ce a yanke.

Sati uku ban ko taɓa sandarta ba.
Ina za a taɓa?
Daga Ijora zuwa Apapa wuni guda,
giya ɗaya, birki, giya ɗaya, birki,
mai tallan gala ya wuce ni sau huɗu a ƙafa,
na biyar ya tambaye ni lafiyar iyali.
Tanimu yaron mota yana dariya ƙasa-ƙasa:
"Oga, ka sayi takalmin gudu
ka shiga da shi layin awo."
Ita kuwa tana ɗigar da mai a kwalta,
ɗis, ɗis, kamar mai ƙirga min asara.

Sai wani dare, ƙarfe uku saura,
mun sauke albasa, bodi ba komai,
muka wuce Berger, hanya ta miƙe fetal.
Na taka kuloci, na ce bismilla, na tura.

Injin da ya shekara sha ɗaya yana min ihu
ya sauke murya.
Allurar zafi ta koma ta kwanta.
Sitiyari ya daina kaɗa min haƙora.
Na ji iska a gefen madubi,
na ji kwaɗi a fadamar ƙarƙashin gada,
na ji Tanimu na tari,
tari mai zurfi, wanda ya ce ya fi wata biyu,
muna zaune kafaɗa da kafaɗa ban sani ba.

Babana ya ja mota har kunnensa ya mutu.
A ƙarshen rayuwarsa sai mu yi magana ya yi murmushi,
ya ɗauka duk gaisuwa ce.
Da ya sami shirun nan ko na awa guda,
ko me zai ji?

Gas ya ragu, ban musa ba,
jarka ɗaya a tafiya in hanya ta yi kirki,
ba ta kuwa cika yin kirki ba.
Mufutau ya ce shekara biyu kafin kuɗina su dawo,
in ba ta fashe ba, in ban manta ba,
in Legas ta yarda.

Direbobi a bakin mai shayi suna tambaya,
a saka ko kada a saka?
Nakan ce, mai yawon cikin gari ya riƙe kuɗinsa,
mai dogon zango ya yi shawara da aljihunsa.
Sauran ba na faɗa.

Gobe da safe zan kai Tanimu asibiti.
A giya ɗaya za mu je.